Ƙwaryar Mama Ladi

Samarin da ke zuwa shagona a Kakuri sukan zauna a kan tumtum, su ɗauki jakunkunan fata hoto da waya, su ce, "Baba Alhaji, ai wannan sana'ar taka hutu ce. Ka sayo a ƙauye, ka jera, Bature ya zo ya kwashe." Ba na gardama da su. Nakan miƙa wa mai maganar ƙwarya biyu, in ce ya nuna mini wadda ta girmi ubansa da wadda aka yanko a gona bara. Yakan juya su, ya shinshina, ya nuna wadda ta fi baƙi. Kullum wadda ta fi baƙin ita ce ta bara. Daga nan sai in ce ya gyara zama.

Aikin farko da kawuna ya ba ni shi ne goge tagulla. A lokacin masaƙun Kakuri na aiki ba dare ba rana, in jiniya ta yi sai titi ya cika da kekuna. Mu kuma mun baza kaya a gindin wata bishiya kusa da ƙofar da manyan ma'aikata baƙi ke fitowa. Ya ba ni wata buta ta Bida, da toka, da lemun tsami, da tsumma. Na zauna na dirje ta har tana ɗaukar ido, na kai masa ina jiran yabo. Ya juya ta, ya ce, "Ka kashe ta. Baƙin nan suna da ƙyalli a ƙasarsu, ba shi ya kawo su ba." Ranar na fara gane abin da mai sayen tsaraba yake nema. Yana son abin da hannu ya daɗe yana taɓawa, ya tafi da shi gida.

Saboda haka rabin sana'ar nan tsufar da kaya ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne a tsakaninmu. Kayan aikin ba su da yawa: basilla, wuƙar zane da ake sawa a wuta, man kaɗanya, ƙaiƙayi, da tsummoki iri biyu, na shafawa da na gogewa, ba a haɗa su. Ɗauki ƙwarya. Gyartai, wato mai ɗinkin ƙwarya, zai zana ta, ya tsaga ta da gangan a gefe, ya ɗinke tsagar. A rataye ta a saman hayaƙin ƙaiƙayi har ta yi duhu, a yi ta shafa mata mai, sannan a murza gindinta a kan gammo har ya yi sheƙi, kamar wadda mace ta yi shekara da shekaru tana ɗorawa a ka. Dokar kawuna ɗaya ce: "Kada bakinka ya ce tsohuwa ce. In an tambaye ka, ka ce sabuwa ce aka yi mata tsufa. In ba a tambaye ka ba, to, kai ba mai wa'azi ba ne." Ya kuma koya mini in riƙa ajiye abu ɗaya a ƙarƙashin tebur, naɗe a tsumma. In baƙo ya gama duba kaya ya juya zai tafi, sai ka ɗan yi jim, ka duba hagu da dama, ka jawo shi kamar ba ka so. Abin da aka jawo daga ƙarƙashin tebur ba ya kwana.

Wata damina wani Ba'amurke ya sa muka haɗa masa tumtum na jan fata masu yawa zai aika gida. Don in burge shi sai na ƙulle kowanne a leda. Kafin ya zo ɗauka fumfuna ta rufe su kamar an barbaɗa gari. Kawuna bai zage ni ba. Ya ba ni tsumma da inuwa, ya ce fata numfashi take yi ko bayan akuyar ta mutu, in goge su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada rana ta taɓa su. Wannan ba ya fitowa a hoton waya.

Baƙi kuwa kowa da halinsa. Ba'indiye zai zauna ya sha shayinka, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi tayin da zai sa ka dariya, ya tafi, ya dawo jibi ya ɗora daga inda ya tsaya. Mutanen Sin ba sa son dogon zance, da yatsa suke nuna lahani. Bafaranshe labari yake so: wane gari, waɗanne mutane, me zanen ke nufi. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, don wani ya fi ka karatu a kan kayanka. Wanda ya fi kowa wahala shi ne wanda ya tashi a kasuwa, ko daga wace ƙasa yake. Shi ba ya tambaya, hannu kawai yake sawa. Abu ɗaya kuma ba ya canzawa ko da wa kake ciniki. In ka ce ka sallama, kaya ya bar hannunka ke nan. Ɗan kasuwar da ya bi mai saye ya ce a dawo masa da abin da ya sallamar, a layinmu daina zama da shi ake yi.

Sana'ar ta kai ni wurare. Na je Agadas sayen azurfa, na zauna Abijan har Faransanci ya zauna a bakina, Larabci kuwa a Sudan da Jidda na gyara wanda na taso da shi. Duk inda na je na tarar da hayaƙin nan da teburin nan, kayan ne kawai ke sauyawa. Da 'yan kasuwarmu suka fara zuwa Bankok sarin tufafi, wani Alhaji ya ɗauke ni in yi masa tafinta. Daga can muka tsallaka Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ƙasar mutanen da ake kira Khmer.

Wuni guda na yi a wata kasuwarsu mai rufin kwano, zafi kamar gidan burodi, lunguna sai mutum ya karkace yake wucewa. Ga wani mayafi mai gida-gida, ja da fari, da suke kira kirama. Da shi suke naɗa kai, da shi suke goyo, da shi suke share gumi. Na ce wannan ai zanen saƙinmu ne ya yi tafiya. Ga siliki, ga sassaƙen itace, su ban taɓa ba don siffofin mutane ne. Cinikinsu babu hayaniya. Inda mu za mu ce albarka mu kau da kai, su murmushi suke yi, kuma murmushin ya fi albarkarmu tauri. A can ƙuryar masu azurfa na tarar da wani tsoho mai jin Faransanci, yana sayar da 'yan battocin da suke zuba wani ganye da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Na duba na saman tebur na ce masa duk sababbi ne. Ya dube ni, ya ce ashe ɗan gida ne. Ya yi jim, ya sunkuya, ya jawo wata batta mai siffar kabewa, naɗe a tsumma, ramukan zanenta duk sun yi baƙi. Ya ce a ƙasa aka binne ta lokacin da ƙasarsu ta shiga bala'i. Na saya. Na kawo ta Kakuri na ɗora a kantar sama, ba ta sayarwa ba, duk wanda ya tambaya in ba shi labarinta.

Masaƙu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, baƙi suka ragu, sai 'yan kwangilar da ke zaune wajen Rido kusa da matatar mai. Muna lallaɓawa a haka sai ga shekarar da gari ya rikice, wadda iyayenku suka fi ni iya ba ku labarinta. Ni gidana a Tudun Wada yake, a tsallaken gada, shagona kuwa a tsakiyar Kiristoci. Maƙwabciyata a layi Mama Ladi ce, 'yar Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, tana sayar da doya da itace tun ina goge buta. Ranar da aka fara gudu 'ya'yanta suka samo motar da za ta kai ta ƙauye, an cika ta har sama. Ta shigo shagona da wata babbar ƙwarya, baƙa, mai kauri, da ɗinki a gefe.

"Alhaji, ajiye mini wannan. In na sa ta a motar nan fashewa za ta yi. Ta uwata ce, ita ma a wurin uwarta ta samu."

Na karɓa ban tsaya ko duba zanenta ba, na sa a ɗakin kaya na baya, na kulle, na samu na tsallaka gada kafin a rufe hanya. Makonni ban leƙo Kakuri ba. Da na dawo, shagunan Hausawa da dama a layin sun zama toka, nawa ko kwaɗo ba a taɓa ba. Maƙwabta suka ce Bulus ne, babban ɗan Mama Ladi, makanikin babura. Shi ya dasa benci a ƙofar ya zauna da sanda, duk wanda ya zo ya ce masa, "Wannan na babanmu ne, ku wuce."

Ciniki ya tsaya cik, don haka na tafi wani bajekoli a Kwatano, na kuwa daɗe. Na bar shagon a hannun Malam Iro, gyartai ɗan Makera, wanda muka daɗe tare. Mutum ne mai hannu, ba ya iya ganin zane mai kyau ya bar shi. Bai san zancen ajiyar ba. Ya ga ƙwaryar a ɗakin baya ya ɗauka cikin kayan da na saro ce. Ya zauna ya kwaikwayi zanenta a kan sababbi wajen dozin, har ɗinkin gefen, ya ba su hayaƙi da mai, ya jera su duka a kanta tare da uwarsu. Da na dawo na ga jerin na yaba aikin, ban kawo komai a raina ba.

Wata Alhamis da hantsi Mama Ladi ta shigo, Bulus na bayanta. Gari bai gama lafawa ba, dokar hana fita tana farawa tun kafin magariba, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Muka gaisa. Ta ce 'yarta za ta tare gidan miji jibi, kuma a gidansu da wannan ƙwaryar ake raka 'ya. Na shiga ɗakin baya, babu. Na fito na tambayi Malam Iro. Ya nuna kanta da basillar da ke hannunsa.

"Ai ga su nan, Alhaji. Tana ciki."

Bulus ya dubi jerin, ya dube ni. "Baba, haihuwa ta yi a shagonka?"

Ba wanda ya yi dariya. Muka sauko da su muka jera a ƙasa. Ni da Malam Iro muka duba, muka shinshina, muka ƙwanƙwasa. Shi da ya yi su da hannunsa ya kasa, ya nuna wata, ya fasa, ya nuna wata. Mama Ladi ta durƙusa. Ba ta ko dubi zane ba. Kowace sai ta kifa ta, ta shafa gindin, ta tura gefe. Da ta kai ta ƙarshe ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Babu tawa a nan."

"Mama, ki sake dubawa," in ji Malam Iro. "Tana ciki, ai da ita na yi sauran."

"Malam, waɗannan duk a gindi suke sheƙi. Na masu ɗorawa a ka ne. Ka taɓa ganin macen Gbagyi da kaya a ka? Mu a kafaɗa muke ɗauka. Tawa gindinta bai taɓa ganin gammo ba."

Shekara nawa muna ganinta tana shigowa layin da itace a kafaɗar hagu, amma Malam Iro uwarsa da matarsa a ka suke ɗauka, hannunsa ya yi abin da ya sani. Sai a lokacin ya tuna ya sayar da guda ɗaya tun ina Kwatano. Ya ce wata Madam ce daga Rido, matar wani Bafaranshe ɗan kwangila, amma ita irin mutanen gabas ce. Ta taɓa duka ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba, ta ɗauki ɗaya, ko ragi ba ta nema ba.

Na san ta, Madam Bofa. Ta taɓa zuwa ta tsaya tana kallon battar azurfata, na ba ta labarin, ta yi murmushin nan nasu, ta ce ita 'yar Phnom Penh ce. Direbansu kuma ya gaya mini a makon nan za su bar ƙasar.

Kafin nan mutane sun fara taruwa a ƙofa, don a lokacin da murya ta ɗan ɗaga sai layi ya cika. Na ji wani daga baya yana cewa, "An tsare masa shago, shi kuma ya sayar da kayan tsohuwa." Wani ya maimaita da Turancin buroka, ya ƙara nasa. Na san yadda irin wannan maganar ke tafiya. Kafin ta kai bakin titi ta zama Hausawa sun sayar da gadon Kiristoci. Bulus bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Baba, abokaina wawa suka ce mini ranar da na zauna a bencin nan. Yau me zan ce musu?"

"Ka ce musu za ka kai ni Rido."

"In babu fa?"

"In babu, ba sai kowa ya tashe ni ba. Da kaina zan kwashe kayana."

Malam Iro ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, an fa sallama. Ka san abin da za a ce a layi." Na ce na sani. Na ɗauki ɗaya daga cikin ƙoren da ya yi, na sauko da battar azurfa na sa a aljihu, na hau bayan babur ɗin Bulus.

Shingayen sojoji ba su dame ni ba, ka sauka ka tura babur ka wuce. Na samarin unguwa ne abin tsoro. Bayan mun bar babbar hanya muka tarar da gungume a gicciye, samari tsaye da gorori. Ga ni da hula da gemu da ƙwarya a cinya. Ɗaya ya zagayo ya ce wa Bulus, "Wannan fa? Ina za ka da shi?" Bulus ya riƙe birki, inji na ta kaɗawa a ƙarƙashinmu. Na ji bayansa ya yi tauri a gabana. Can ya ce, "Saƙon uwata ne. Ku ɗaga." Bai ce babanmu ba wannan karon, na kuma lura. Aka ja gungumen.

Gidan yana cikin shingen wani kamfani. Maigadi ya ƙi buɗewa sai da direban ya hango ni ya sa baki. A tsakar gida kafintoci na buga akwatunan katako, an riga an rufe yawancinsu. Mijin ya fito da gajeren wando, ya ji abin da ya kawo mu, ya ce motar Legas gobe za ta tashi, ba wanda zai ɓalle masa ƙusa saboda ƙwarya. Madam Bofa ta fito da kirama a wuya, ta ce masa wani abu, ya ɗaga hannu ya koma ciki. Ba ta ba mu wurin zama ba. Na yi mata bayani da Faransanci, tun daga ranar gudu. Ta saurara har na gama.

"Alhaji, ka ce ka je kasuwarmu. To ka sani a can kowace batta ta kakar wani ce. Wa ya taya fiye da ni?"

"Ba kowa, Madam. Ga ɗan mai ita."

"Ɗa ma ana samunsa a kasuwa."

Bulus ba ya jin Faransanci amma ya ji sautin. Ya ce, "Me take cewa, Baba?" Na ce tunani take yi. Rana ta riga ta karkata, hankalina yana kan gungumen nan da dokar hana fita.

Ta shiga ta fito da ƙwaryar naɗe a wata kirama. Ashe ba ta ma sa ta a akwati ba, a hannu za ta shiga jirgi da ita. Ta warware, ta kifa ta a kan tebur. Gindin a dushe yake. Sheƙin yana can gefe guda, faɗin tafin hannu, baƙi kamar an zuba masa mai, sannan wasu 'yan wurare a bakin ƙwaryar sun lotsa sun yi santsi.

"Uwata rumfa gare ta a kasuwa, a ƙarƙashin tebur na yi rarrafe," in ji ta. "Mai yi wa kaya tsufa yana sa shi ne inda hankali zai yarda. Sauran duk hankalina ya yarda da su. Wannan ce kaɗai ban gane ba, shi ya sa na ɗauke ta. In ta uwarsa ce, ya gaya mini me ya ci ta a nan. Kai kada ka ce komai."

Ta juya ta tambaye shi da Turanci da kanta. Bulus ya matso kusa da tebur. Ya goge baƙin man hannunsa a wando, ya ɗauki ƙwaryar ya ɗora a kafaɗar hagu, ya ɗaga hannu ya kama bakinta. Sheƙin ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗa, yatsunsa suka faɗa cikin wuraren da suka lotsa. Ya ɗan karkatar da kai dama, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, tafiyar uwarsa sak, har ɗan jan ƙafar. Kafintoci suka daina buga ƙusa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Saura itace kawai."

Madam Bofa ta dubi kafaɗar Bulus. Sannan ta kai hannu ta taɓa tata kafaɗar.

"Uwata nan wurin ya yi mata tauri kamar tafin ƙafa. Da aka kore mu daga birni ina ƙarama, ƙasa aka sa ta yi ta ɗauka da sanda a kafaɗa, shekaru. Kafin mu fita ta binne battocinta a bayan gida. Da muka dawo wasu ne a gidan, ramin kuma a buɗe." Ta naɗe ƙwaryar a cikin kiramar, ta miƙa wa Bulus da hannu biyu. "Har da mayafin. Na amarya ne."

Na ciro battata. Na ce a wurinmu ba a karɓe abin da aka sallama, tunda kuwa ya zama dole ba zan karɓa hannu wofi ba, ta riƙe wannan, ta ƙasarsu ce, an ce ma daga ƙasa aka tono ta. Ta karɓa, ta buɗe, ta leƙa ciki, ta shafa bakin murfin da babban yatsa. Sai ta yi dariya, karo na farko tun isowarmu.

"Daga ƙarƙashin tebur ya jawo maka?"

Na ce e.

"Battar da aka mora, farar ƙasar da ake haɗa ganyen da ita tana cin cikinta, nan kuma inda yatsa ke tura murfi yana lotsawa. Wannan ba ta taɓa ganin ganye ba. Man takalmi ne a ramukan. Ranar da ka ba ni labarinta na ga kana jin daɗinsa, shi ya sa na ƙyale ka." Ta mayar mini. "Ajiye ta kusa da ƙoren Malam, 'yan uwa ne."

Wadda na zo da ita ta Malam Iro ta ɗauka a madadi. Ta ce aikin yana da kyau, za ta riƙa gaya wa mutane sabuwa ce.

Mun iso Kakuri ana rufe shaguna. Mutanen ƙofar ba su watse ba, sun ma ƙaru. Mama Ladi tana zaune a kan bencin nan. Bulus ya sauka ya miƙa mata. Ta warware, ba ta ko kifa ta ba, ta ɗora a kafaɗa ta miƙe, ta dubi taron.

"Me kuke jira? Biki sai jibi." Ta juyo wurina. "Alhaji, har da kai da Malam. Bahaushe ne zai yanka akuyar, kada ku kawo mini uzuri."

Na nufi bakin titi ko zan sami abin hawa, Bulus ya ce ba zan kai gada ba kafin doka, in zo in kwana a wurinsu. Taron bai matsa ba. Ya tura babur ya ce, "Ku ba babanmu hanya."

A layi an yi ta zancen na bi kaya bayan sallama. Wasu tsofaffin abokan sana'a sun daɗe ba su zauna a bencina ba, ban kuma ga laifinsu ba, doka ce. Amma shagon ga shi kuna zaune a ciki.

Washegari da na buɗe na tarar da Malam Iro ya riga ni. Ya baje sauran ƙoren, ga mai ga tsumma, ya ɗora ɗaya a kafaɗarsa yana murza gefenta.

"Yanzu na gane, Alhaji. Wannan karon ko ita Mama ba za ta bambance ba."

Na karɓe tsumman daga hannunsa, na ce ya bar su yadda suke. Shi ya sa har yau duk ƙwaryar da aka yi wa tsufa a shagon nan a gindi take sheƙi. Battar kuma tana nan a kantar sama. Ranar da kuka ga wani tsoho ya yi jim ya sunkuya zai jawo muku abu daga ƙarƙashin tebur, ko da ni ne, ku fara ɗaga kai ku dube ta.